Ruwan da Aka Zuƙe daga Ƙirjin Yayana

Tsufa ya cinye mini abubuwa da yawa. Akwai mutanen da na shekara ashirin ina yi wa aski, amma yau in jikokinsu suka gaishe ni sai na yi ta lalube kafin in gane gidan. Duk da haka, ranar da aka soka wa yayana allura a ƙarƙashin ƙirji aka zuƙe ruwan da ya kewaye masa zuciya tana nan daram a kaina, kuma na san da ita za a kai ni kabari. Abin mamakin da na gani yana cikin dalili, amma abin da ya fi riƙe ni shi ne abin kunyar da na aikata kafin a kai ga wannan rana.

Zamanin Turawa ne, shekaru kaɗan bayan mutanenmu sun dawo daga yaƙin Bama. Mu asalinmu masunta ne, daga wani ƙauye a cikin fadama wajen Kirikasamma. Ni tun ina ƙarami aka ba da ni riƙo ga kawuna, wanzami a cikin garin Haɗejiya, a hannunsa na koyi aski da ƙaho da tsaga da kaciya, har na gaji zabirarsa. Yayana kuwa, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya zauna a ƙauye yana su kamar mahaifinmu. Mutum ne mai faɗin ƙirji, in ya nutsa cikin gurbi sai ka fara jin tsoro kafin ya ɓullo da tarwaɗa a hannu.

Yana da aboki tun na ƙuruciya, wanda ya tafi soja ya dawo, kowa yana ce masa Kofur. Dogo ne, ba ya son magana, yakan zauna shi kaɗai a gindin goruba yana zuƙar sigari yana kallon ruwa. Ba ya shan ruwa sai daga wata gorar ƙarfe da ya dawo da ita. A ƙauye ana ta raɗe-raɗin cewa wanda ya ƙetare teku, aka yi ta harbi a kansa, ya dawo ko ƙwarzane babu, ba haka kawai yake ba, da abin da yake tafe da shi. Ni ma na sha faɗin haka a wajen aski, ana dariya. Ban taɓa tambayar kaina ko na san wani abu a kai ba.

A ranin wannan shekarar suka yi saɓani da yayana a kan wani gurbi mai zurfi da kifi ke taruwa in ruwa ya janye. Kowannensu ya ce na ubansa ne. Aka kai magana gaban bulama, bulama ya ba yayana gaskiya. Bayan mako guda sai ga Kofur da wata riga mai kauri ta soja, ya miƙa wa yayana, ya ce magana ta wuce, ga wannan ya riƙa sawa in zai fita su da sanyin safiya. Yayana ya karɓa da murna, ya yi ta sawa. Ruwan farko yana sauka ya fara tari, da zazzaɓin yamma, da gumi mai jiƙa shimfiɗa. Kafin gero ya kai gwiwa aka aiko mini in zo.

Ban gane shi ba da na shiga ɗakin. Yana zaune a bakin gado, ya sunkuyo gaba ya dafa turmin da aka kifa masa, yana jan numfashi guntu-guntu kamar wanda ya yi gudu. Ƙafafunsa sun kumbura har in ka danna yatsa sai ramin ya zauna, cikinsa ya taso, jijiyoyin wuyansa sun miƙe kamar igiya. Matarsa ta ce ya fi wata rabonsa da ya sa haƙarƙarinsa a ƙasa, da ya kwanta sai numfashi ya ɗauke, a zaune yake gyangyaɗi. Na kara kunnena a ƙirjinsa. Na saba jin bugun zuciyar mutane, amma tasa sai na ji ta can nesa, kamar dakan da ake yi a wata unguwa.

Na yi abin da na iya. Na kafa masa ƙaho a baya, jini baƙi ya fito, na ce to ga mugun jinin nan. Na dafa saiwoyi da sassaƙe, liman ya yi rubutu aka wanke ya sha. Kwana shida ina wannan, abu sai gaba yake yi. A lokacin da ban san inda zan sa kaina ba ne matar yayana ta ba ni labarin gurbin da rigar. Ba ta ce komai a kan kowa ba, labari kawai ta ba ni. Ni ne na haɗa sauran da kaina, kuma na haɗa shi cikin sauri, don na gaji da rashin sanin abin da ke cin ɗan'uwana. Na ce ta ɗauko rigar. Na farke ɗinkin wuyanta da aska ina neman laya, ban ga komai ba sai auduga, amma wannan bai hana ni cewa an iya aikin ba ne shi ya sa ba a gani. Na kai ta bayan gida na cinna mata wuta.

Kullum da hantsi Kofur yakan zo da kifi a sarƙafe a igiya, ya ajiye a ƙofar gida, ya leƙa ya gaida mara lafiya. Na hana a dafa kifin, na ce a riƙa zubarwa a juji. Innarmu ta ce mini in ji tsoron Allah, yaron nan a gabanta ya girma. Na ce mata wanda ya girma a gabanta ba shi ne ya dawo daga Bama ba.

Rana ta bakwai Kofur ya same ni a dandali bayan la'asar, mutane suna zaune. Ya ce ya taɓa ganin irin wannan ciwo a jikin wani soja, ruwa ne yake taruwa a ƙirji, kuma a gabansa likita ya zuƙe shi da allura mutumin ya tashi. Ya ce ya ji labari babban likita ya zo rangadi daga Kano, yana asibitin gari, zai yi kwana uku, mu kai shi tun da sauran numfashi. A wancan zamani ba mu ɗauki asibiti wajen warkewa ba. Ana cewa Turawa suna ɗibar jinin mutane su tafi da shi ƙasarsu, suna yanka gawa, wanda ya shiga da ƙafarsa a makara yake fitowa. Yanzu na san dalilin: ba ma kai mutum sai ya riga ya ƙare, in ya mutu kuma mu ce su suka kashe shi. Amma ran nan da na ji Kofur ya ambaci asibiti sai na ga kamar ya tona kansa da bakinsa. Na miƙe tsaye na ce masa, a gaban kowa:

"Ka gama da shi a ɓoye, yanzu kana so Nasara ya ƙarasa maka, a ce asibiti ne ya kashe shi, kai ka koma gurbinka."

Ban ga Kofur ya fusata ba, kuma wannan ma na ƙirga masa shi a cikin laifi. Ya jefar da guntun sigarinsa ya take, ya ce, "Wanzan, Allah ya huci zuciyarka. Jirgina yana bakin ruwa duk lokacin da kuka shirya." Ya juya ya tafi.

Maganar ta riga ni isa gida. Yayana ya sa aka kira ni. Da ƙyar yake haɗa kalma uku ba tare da ya tsaya ya ja iska ba. Bai yi mini faɗa a kan Kofur ba, ba shi da ƙarfin faɗa. Cewa ya yi in kai shi, in mutuwa ce ai nan ma tana hanya, shi dai ya gaji da zama, yana so ya kwanta ko sau ɗaya ne. Inna ta ce an ji abin da ya ce. Ba yadda na iya. Kuma a duk ƙauyen ba jirgin da zai ɗauki mara lafiya a zaune da mutum uku sai na Kofur.

Da gari ya waye muka tashi. Ruwa ya riga ya cika fadama, hanyar ƙasa ta nutse, ba ka ganin komai sai kan goruba da shinkafa da ganyen bado, da tsuntsayen kirinjijiya da ke tashi garke-garke in mun matso. Na zauna a tsakiyar jirgi, yayana ya jingina bayansa a ƙirjina, matarsa a gaba, Kofur a tsaye a baya da sandar tuƙi. Ban yarda in ba shi baya gaba ɗaya ba, na karkace yadda zan riƙa ganin hannunsa. Zabirata tana kan cinyata.

Can sai aka fara yayyafi. Kofur ya ce a lulluɓa wa yayana rigar nan mai kauri kada sanyi ya kama shi. Matar yayana ta sunkuyar da kai. Na ce na ƙone ta. Ya dube ni, ya dubi ruwa, ya ci gaba da tuƙi, sai ya tuɓe tasa taguwar ya miƙo. Na ƙi karɓa, na cire rawanina na yafa wa yayana. Da ƙishi ya kama mara lafiya, Kofur ya miƙo gorarsa ta ƙarfe, ita ma na ture, na sa ƙoƙo na ɗebo ruwan kogi mai laka na ba shi. In na tuna wannan yanzu nakan girgiza kai. Ruwan gorar dafaffe ne.

Wajen da zuciyata ta fi bugawa shi ne inda ya bar hanyar da kowa ke bi, ya karkata jirgin cikin doguwar ciyawar burgu, ciyawa ta rufe mu hagu da dama, ba ka jin komai sai ƙarar sanda da numfashin yayana. Na ce a raina nan ne ya shirya. In ya kifar da jirgi a nan wa zai gani? Na zura hannu cikin zabira na riƙe aska. Na tambaye shi ina za shi da mu. Ya ce ruwa ya fasa ta nan bana, in muka bi za mu rage kusan rabin tafiya, numfashin mutumin nan ba zai jira mu zagaya ba. Ban saki askar ba sai da burgun ya buɗe na hango itatuwan bakin gari. Kafin azahar muka isa. Muka sami gadon kara, mutum huɗu suka ɗauke shi a zaune har asibiti.

Warin maganin wurin kaɗai ya isa ya tayar wa mutum da hankali. Wanda ya karɓe mu malamin asibiti ne, Bahaushe, mai farar riga, shi yake yi wa likita tafinta. Likitan gajeren Bature ne, fuskarsa ja, gumi yana ta zubo masa. Kofur ya ƙame a gabansa ya yi masa wani guntun Turanci irin na soja, likitan ya amsa yana gyaɗa kai. Na ce a raina, ka ji su, sun san juna. Na matsa wa malamin asibiti ya gaya mini abin da suka ce. Ya ce ba wani abu ba ne, ya gaya masa kwanakin ciwon ne da yadda ya fara.

Likita ya sa robarsa a kunne ya saurari ƙirjin gaba da baya. Ya ɗora yatsa yana ƙwanƙwasawa da wani yatsan, yana tafiya da shi kaɗan-kaɗan, inda sauti ya canza sai ya ɗiga alama da alƙalami, har ya zana wani abu mai faɗi kamar tulu a ƙirjin yayana. Ya riƙe wuyan hannunsa ya daɗe. Sannan ya kamo hannuna ya ɗora a wurin, ya sa aka ce mini in lura. Na lura: duk lokacin da yayana ya ja numfashi sai bugun jijiyar ya ɓace, in ya saki sai ya dawo. Shekarata nawa ina taɓa jikin mutane ban taɓa kula da wannan ba. Na ji haushin cewa shi ya nuna mini.

Ta bakin malamin asibiti ya yi bayani. Ya tambaye ni ko na taɓa ganin zuciyar rago in an feɗe, da tantanin da ke lulluɓe da ita kamar jaka. Na ce na gani. Ya ce ta mutum ma haka take, kuma jakar yayana ta cika da ruwa har ta matse zuciyar, ba ta da wurin buɗewa. Ya ce ba zai tsaga ƙirji ba, allura ce doguwa zai shigar ta ƙarƙashin ƙahon zuci, wato ƙarshen ƙashin ƙirji, ya zuƙe ruwan, kuma ruwan da kansa zai taimaka a gane asalin ciwon. Bai ɓoye ba, ya ce allurar tana iya taɓa zuciyar mutum ya mutu nan take, amma in aka bar shi haka ba ya jin zai kai Juma'a. Yau ina ganin wannan gaskiya ce ya faɗa mini tsirararta. Ran nan kuwa cewa na yi yana share wa kansa hanya ne tun kafin ya yi kisan.

Aka kawo takarda in dangwala yatsa. Na dubi yayana, ya ɗaga mini gira. Na ce zan dangwala amma da sharaɗi uku: ina cikin ɗakin har a gama, Kofur ba zai shiga ba, kuma duk abin da aka cire daga jikin ɗan'uwana a ba ni abina, ba za a tafi da shi ko'ina ba. Malamin asibiti ya fassara. Likita ya yarda da biyun farko. Na ukun ya ce zai riƙe ɗan kaɗan a kwalba don ya duba, sauran nawa ne. Muka yi ta ja a kan wannan 'yar kwalba har yayana ya buga gefen gado da hannu. Na dangwala. Kofur bai jira an ce ya fita ba, ya riga ya koma gindin darbejiyar da ke ƙofar asibiti.

Aka jingina yayana da matasai, rabi zaune rabi kwance. Aka goge wurin da wani magani mai ruwan ƙasa. Likita ya fara yi masa ƙaramar allura ta kashe zafi, ya ɗan jira, sannan malamin asibiti ya ɗauko babbar daga cikin tafasasshen ruwa. Ta fi tsawon yatsana na tsakiya nesa ba kusa ba, a jikin sirinji na gilashi. Ni mai yanka fatar mutane ne, amma ban taɓa wuce fata ba. Duk wanzami ya san ƙirji da ciki ba wurin wasa ba ne. Na tsaya ta kan yayana na riƙe kafaɗunsa, ina karanta duk abin da ya zo bakina, idona a kan hannun Baturen. Na riga na yanke a raina cewa in ɗan'uwana ya mutu a wannan gado, ba zan fita ni kaɗai in bar mutumin nan a tsaye ba. Allah ya yafe mini.

Likita ya shigar da allurar ƙasa da ƙahon zuci kaɗan, ya karkata bakinta sama wajen kafaɗar hagu. A hankali yake turawa, ya tura kamar faɗin ƙwayar gero ya tsaya ya ɗan ja sirinjin, ya sake turawa ya sake ja. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa, malamin asibiti yana goge masa. Hannunsa bai yi rawa ba, wannan na shaida, don na san hannun da ya san aikinsa. Can sai na ga kamar allurar ta faɗa wani wuri, sai ruwa ya taso cikin gilashin, launin shayi da aka ɗiga wa jini.

Ya cika sirinji ya juye a wata farar tasa, ya mayar ya sake ja. Na fara ƙirgawa na bari. Tasar ta yi rabi, ta wuce rabi. A ƙarƙashin tafin hannuna na ji kafaɗun yayana, waɗanda suka fi wata a ɗage, suna sauka. Jijiyoyin wuyansa suka kwanta ina kallo. Ya ja wani dogon numfashi wanda na ji shi har cikin nawa ƙirjin, ya sake ja, sai hawaye ya gangaro masa ta gefen ido. Da aka zare allurar aka manna ɗan ƙyalle a wurin, ramin bai kai na tsagar da nake yi wa jarirai ba. Yayana ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Ku cire matasan nan." Aka cire. Ya miƙe a bayansa, kafin a gama wanke kayan aiki ya yi barci.

Mai karatu zai zaci a nan na saduda. Ban saduda ba. Na ɗauki tasar na fita da ita rana, na sa tsinke ina motsawa, ina neman gashi ko allura ko ƙullin zare, irin abin da ake cewa ana samu a jikin wanda aka yi wa sammu. Malamin asibiti ya biyo ni ya ce kada in sa hannu a ciki. Ban sami komai ba sai ruwa. Na ce to sammun ne ya narke. Na haƙa rami a bayan katanga na zuba na rufe, ina ta tunanin 'yar kwalbar da ta rage a hannun Bature.

Washegari da hantsi aka karɓi kakin yayana, bayan wani lokaci likita ya aiko a kira ni. Ya nuna mini kwalbar, tana nan a kan tebur ba ta je ko'ina ba. Ya ce ya duba ruwan, kamanninsa da abin da ke cikinsa sun nuna masa hanya, kakin kuma ya tabbatar. Ya sa na kara idona a wani madubinsa mai girmama ƙananan abubuwa. Da farko ban ga komai ba sai haske, da ya murɗa wani abu sai ga wasu 'yan jajayen tsinkaye kamar karyayyen zare. Ya ce su ne ƙwayoyin tarin fuka, yawanci a huhu suke zama, amma wani lokaci sukan kai ga jakar zuciya su sa ta tara ruwa.

Na tambaya ko ana iya sa wa mutum su a cikin riga. Malamin asibiti ya dube ni, amma ya fassara. Likita ya ce a'a, ta numfashi ake ɗauka, daga wanda ya daɗe yana tari, musamman in ana kwana ɗaki ɗaya, kuma suna iya ɓuya a jiki shekara da shekaru kafin su tashi. Na ce to a duba Kofur. Aka kira shi daga gindin bishiya, aka gaya masa abin da na nema. Ya ɗage taguwarsa. Likita ya saurara gaba da baya, ya karɓi kakinsa ya duba, ya ce ba ya ganin komai a tare da wannan. Sannan ya juyo gare ni ya tambaya ko akwai wanda ya yi doguwar jinyar tari a gidanmu.

Na buɗe baki in ce babu, sai na tuna. Mahaifinmu. Damina biyu da suka wuce ya rasu, bayan ya yi wata biyar yana tari har da jini. Mu muka ce sanyin ruwa ne irin na tsofaffin masunta. Yayana ne ya bar ɗakin matarsa ya koma ɗakin tsohon, shi yake tallafe shi in tarin ya taso, shi yake riƙe masa kasko, a rufe da ƙofa saboda sanyi. Ni kuwa sau biyu na zo daga gari a duk wata biyar ɗin, kuma duk a ranar na juya, ina cewa masu aski suna jirana. Ashe ciwon da na yi ta nema a wuyan rigar wani, a ɗakin ubanmu ɗan'uwana ya ɗauko shi, wajen yin aikin da ya kamata mu raba mu biyu. Na rasa inda zan sa idona. Kofur ya saki taguwarsa ya fita.

Ruwan ya sake taruwa bayan kwanaki, aka sake zuƙewa, wannan karon bai kai na farko ba. Yayana ya yi watanni a asibiti yana shan allura a ɗuwawu da ƙwayoyi masu ɗaci, har ya ce shi ya fi jin tsoron ƙaramar allurar kullum a kan babbar. An duba matarsa da Inna da ni, Allah ya tsare mu. Kofur ne ya riƙa kawo su a jirgi duk mako yana mayar da su, ya kuma kula da komar yayana ta kamun kifi har kaka. Yayana bai sake nutso ba, ƙirjin ba ya ɗauka, sai ya koma bandar kifi da gyaran koma. Ya yi shekara goma sha huɗu bayan haka, ya ga jikokinsa, kuma ba wannan ciwon ne ajalinsa ba.

Da ruwa ya janye na je ƙauye, na roƙi bulama ya tara mutane a dandalin da na yi maganar. Na tsaya na ce abin da na faɗa a kan Kofur ƙarya ne, ban ga komai ba, ban ji komai ba, ni na ƙirƙira, ina neman gafararsa. Ya ce ya yafe duniya da lahira, ya ba ni hannu, aka yi fatiha. Na tabbata da gaske ya yafe, don har ya rasu bai taɓa tayar da maganar ba, kuma duk lokacin da na zo sai ya aiko mini da kifi.

Amma akwai abu ɗaya. A da, in na zo ƙauye na shimfiɗa tabarma, yana cikin na farko da ke zama in yi musu aski. Daga wannan shekara bai sake zama a gabana ba. Yakan bari gashi ya taru, sai ranar kasuwar Kafin Hausa in ya kai banda ya sami wani wanzami a can. Wata rana na yi ƙarfin hali na ce masa, Kofur, ga aska a wasa. Ya yi murmushi ya ce, "Na ga hannunka a cikin zabira ran nan a burgu, Wanzan. Ba na riƙe da kai. Wuyan ne ya ƙi." Ban sake yi masa tayi ba.

Abin da na koya shi ne, lokacin da na rasa sanin ciwon ɗan'uwana, kamata ya yi in ce ban sani ba, in nemi wanda ya sani. Maimakon haka na nemi wanda zan ɗora wa, na zaɓi mutumin da ya fi kowa son ya rayu, saura kaɗan in hana a kai shi inda za a cece shi. Tun daga nan, duk wanda ya kawo mini mara lafiya yana raɗa mini sunan wanda yake zargi, nakan ce ya ajiye sunan tukuna, mu fara zuwa a duba. Ɗan'uwana ya warke, an kuma yafe mini, amma yardar mutumin kirki ɗaya da na zubar a dandali da bakina, har ya koma ga Allah ban same ta ba.